Minjiryar Kawu Zarami

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Haɗeja ta mashigin ƙauyenmu a zamanin Turawa ya san Kawu Zarami, ƙafafunsa ma sun san shi. Ka shiga jirginsa ka ce ya kai ka gindin gorubar tsallake, inda hanyar kasuwa ta fara, to can ƙasa zai sauke ka, gindin wata bagaruwa, ka ɗora kayanka a ka, ka dawo ta cikin laka. Kawu ya nufi goruba kai tsaye, ruwa ya nufi gabas, babu mai saurara wa wani.

"Ni ban kauce ba," haka yake cewa. "Wanda ya shuka gorubar ne bai san kogi ba."

Fiton nan gadonsa ne. Kakana ne ya bar masa shi, tare da gwangwalar da ake tura jirgi da ita, wata doguwa da ta yi baƙi wuluk da gumin hannu, da zoben ƙarfe a gindinta. A ƙauyenmu duk wanda ke riƙe da gwangwalar nan shi ne mai fito. Kawu kuwa ko masallaci za shi sai ya jingina ta a bakin ƙofa, inda kowa zai gani.

A daminar da na gama jami'a a Badun na dawo gida, kafin in fara koyarwa a makarantar Midil, kaina cike yake da lantarki. Na yi wa Liman bayanin tsawa, na yi wa mai shayi bayanin batirin tocila, har mutane suka fara gaishe ni daga nesa. A daminar ce kuma 'Yar'azumi mai nono ta gaji da ɓarin ƙwarya a cikin laka, ta kai ƙarar Kawu wajen Bulama Fannami, mai garinmu.

Bulama bai ja magana ba. Ya ce, "Zarami, ran kasuwa mai zuwa ni da kaina zan shiga jirginka. In ka sauke ni gindin goruba, riƙe gwangwalarka. In na buɗe ido na ga bagaruwa, Shu'ibu ne zai karɓa."

Shu'ibu masunci ne, bakinsa ya fi komarsa faɗi. Tun a ranar ya sa aka share gindin bangon zaurensa, wai inda zai riƙa jingina ta.

Da la'asar na sami Kawu a bakin ruwa yana hararar kogi. Na ce a raina, yau ga ranar ilmi. Na tsuguna na share yashi, na zana kibau da yawa a jere, tsawonsu ɗaya, duk sun dubi gabas.

"Kawu, dubi nan. A karatunmu akwai abin da ake kira filin lantarki, wato turin da ƙaramin caji zai ji a duk inda ka ajiye shi. Wannan na bai-ɗaya ne: ko'ina ƙarfinsa ɗaya, inda ya dosa ɗaya. Kamar dai kogin nan."

"Na san shi," in ji Kawu. "Tun kafin a haife ka."

Na dangwala yatsa a tsakiya. "To ga ɗigon caji guda. Shi nasa turin ta kowane ɓangare yake fita, kamar hasken fitila. Kusa da shi da ƙarfi. In ka ninka nisa, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka rage nisa da rabi, ya ninka sau huɗu. Tambayar ita ce, idan su biyun suka haɗu, ina turin zai dosa? Sai ka haɗa kibau biyun, gindin wannan a kan tsinin waccan. A gabas da ɗigon duk hanyarsu ɗaya, sai ka tara. A arewa da shi, ɗaya na tura ka gabas da ƙarfi huɗu, ɗaya na tura ka arewa da ƙarfi uku, sai ka tafi a karkace da ƙarfi biyar. Ka ga bagaruwarka ke nan, Kawu! Kai ka tura arewa, ruwa ya tura gabas. In kana son goruba, sai ka juya hancin jirgi ka nufi sama da ita."

"In nufi inda ba can za ni ba? Haladu, abin da suka koya maka ke nan?" Ya nuna yamma da ɗigon da ƙafarsa. "Nan fa?"

Nan ne daɗin lissafin yake, ban iya yin shiru ba. "A nan suna karo. Kusa da ɗigo nasa ya fi, nesa na bai-ɗaya ya fi. To a tsakani akwai wuri guda tak da suka yi daidai, suka kashe juna. Ajiye caji a wurin, ba abin da zai tura shi ko'ina."

Kawu ya tsuguna ya ƙura wa yashin ido. Ni da na san shi, kallon nan ya fi ba ni tsoro a kan surutunsa.

"Wato," ya ce a hankali, "in na sami ɗigon nan na sa shi a gabas da jirgina, ruwa ya turo, shi ya turo, jirgi ya tsaya cak."

"A'a, Kawu. Kogin misali ne kawai. Ruwa ba lantarki ba ne."

"Kai ka ce kamar kogin nan. Da kunnena na ji."

"Kuma jirgi ba shi da caji."

"Sai a sa masa. Ba kai ne jiya ka goga mataji a gashinka ya tsinci ɓarɓashin takarda ba?"

"To ɗigon fa? A ina za ka samo lantarki a garin da ko waya ba ta iso ba?"

Ya miƙe, ya dube ni da tausayi. "Yaro, kun je Badun neman abin da muka bari a cikin ruwa. Minjirya fa?"

Minjirya dai kifin nan ne mai santsi, mai gashin baki, wanda in ka taɓa shi ya girgiza ka har haƙora. Na bi Kawu har gida ina cewa minjirya ba ɗigon caji ba ce, sai an tsokane ta take sakin abin da ke jikinta, shi ma ɗan lokaci. Ya ce to ai ya iya tsokana.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Kawu ya tsaya a dandali ya yi shela cewa goruba wasan yara ce. Shi zai tsayar da jirgi a tsakiyar kogi, ba filafili, ba turi, Bulama ya sha furarsa a zaune, sannan a ƙarasa.

"In ka tsayar da shi," in ji Shu'ibu, "ni zan ɗauke ka a wuya in kai ka kasuwa."

"Ka fara cin abinci sosai," in ji Kawu. "Ina da nauyi."

Matsala ta farko, sai an sami minjirya, kuma a wurin masunta ake samu. Shu'ibu da kansa ya kawo masa guda uku a cikin kwando, kyauta, yana ta fara'a. Kawu ya ce ba zai karɓi kaya bai gwada ba, kada a ba shi wadda ta huce. Ya naɗe hannun riga ya taɓa ta farko. Hularsa ta yi gabas, shi ya zauna a ƙasa.

"Wannan ƙarama ce," ya ce, da muryarsa ta dawo.

Ya taɓa ta biyu. Ya yi wata rawa da ba a taɓa gani ba a ƙasar Haɗeja, ya kira sunan kakarsa. Ta ukun, wata ƙatuwa kamar cinyar ɗan maraƙi, ya tsaya ya dube ta, ita ma ta dube shi.

"Wannan daga ido ma ka san a cike take," in ji shi. "Ita na zaɓa."

Matsala ta biyu, inda za a ajiye ta. Kawu ya ce tana bukatar sanyi da duhu da natsuwa don kada ƙarfinta ya zube. Ya rasa inda ya haɗa ukun nan sai randar matarsa, Inna Gumsu. Ya zura ta a ciki ya mayar da faifai ya rufe, bai gaya wa kowa ba, wai sirrin aiki.

Da safe ina karyawa a gidanmu na ji ihu daga bayan katanga. Na tarar da moɗa a kan rufin ɗaki, Inna Gumsu na yarfe hannu tana zagaya tsakar gida, maƙwabta sun cika ƙofa, wata tsohuwa har ta fara tofa addu'a a bakin randa.

"Aljani! Aljani a randata!"

"Ba aljani ba ne," in ji Kawu, ya fito yana ɗaura wando. "Ma'aikaciyata ce. Gumsu, kin san abin da kika yi? Kin zubar mini da ƙarfin rabin kogi!"

"Malam, kifi ka sa mini a ruwan sha?"

"Kimiyya na sa miki. Tambayi ɗanki."

Ta juyo kaina. "Haladu, kai ne?"

"Wallahi, Inna, ni kibau kawai na zana."

"To ka zana masa hankali." Ta ɗauki muciya ta nuna randa. "Ran kasuwa da yamma, ko ta tsayar da kogi ko ba ta tsayar ba, a miya za ta kwana."

Matsala ta uku, sa wa jirgi caji. Kawu ya jawo shi kan tudu ya kifa. Ya fara gugarsa da buzun sallarsa. Da ya ga ɓarɓashin takarda bai manne ba, ya koma bargon Inna Gumsu. Da bargo ya yage, ya ce laifin laushi ne, ya ɗauko ɓawon goruba da yashi. Jirgin nan tsoho ne, duk tsagoginsa da tsumma da kwalta aka toshe su. Ina kallo tsummokaran suna fita ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, kana cire toshiyar."

"Datti nake cirewa. Datti ne ke hana shi kamawa."

Daga nan ya watsa ɓarɓashin takarda, guda ya manne a kan ɗanyar kwalta. Ya yi kabbara. Masu wanki suka taso kallo.

Ran kasuwa, bakin mashigi ya cika maƙil, har da mutanen tsallake a gindin goruba. Masu zuwa cin kasuwa suka fasa sauri. Shu'ibu ya zauna cikin ƙaramin jirginsa a gefe yana cin gyaɗa. Kawu ya iso da babbar riga, ya sa minjirya cikin kwandon kamun kifi ya ɗaure bakin, ya ɗaure kwandon a tsinin gwangwalar gado.

Bulama ya shiga ya zauna a tsakiya, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe, ya ɗora ƙwaryar fura a cinya. 'Yar'azumi ta ce ita ce mai ƙara, da ita za a yi, ta shiga da ƙwaryar nononta. Ni ma na shiga, da filafilin da Inna Gumsu ta ba ni a ɓoye cikin tabarma. Kawu ya hango kan filafilin ya leƙo. Ya zare shi ya ɗaga sama don kowa ya gani, ya wurga kan tudu.

"Wanda ya shirya ba ya tafiya da shakka!"

Jama'a suka yi shewa. Na ce, "Allah ya ja zamanin Bulama, ni dai shawarata a ɗaga ƙafafu."

"A kan me?"

"A kan ilmi."

"Mun gode," in ji Bulama, bai ɗaga ba.

Samari suka tura mu da ƙarfi, muka yi tsakiya. Ruwa ya karɓe mu. Kawu ya miƙa gwangwala ta gabas, kwando ya nutse, ya gyara tsayuwa.

"Yanzu za ku ga tsayuwa."

Goruba ta fara matsawa yamma.

"Zarami," in ji Bulama, "ko idona ne?"

"Ranka ya daɗe, minjirya na ɗaukar numfashi ne."

"Kawu," na ce, "ko da lissafinka gaskiya ne, ai kifin a hannunka yake. Inda jirgi ya je, can za shi. Kamar ka zauna a kan jaki kana tura ƙeyarsa."

"Nisa ne ya yi yawa. Kai ka ce a rage rabi, ƙarfi ya ninka huɗu." Ya jawo gwangwala zuwa rabi. Ya girgiza kwando don tsokana. Muka wuce masu wanki. Muka wuce inda shanu ke shan ruwa. Mutanen gaɓa suka fara binmu da gudu, Shu'ibu na biye a hankali yana tuƙi da hannu ɗaya.

"Mai fito!" ya ƙwala. "In gaya wa bagaruwa ta shimfiɗa tabarma?"

"Rabi kuma," in ji Kawu. "Sau goma sha shida ke nan. Haladu, ba haka ba?"

"Lissafin haka ne, Kawu, amma ba na wannan ba ne."

"Kun ji ko? Ya ce haka ne."

'Yar'azumi ta dubi ƙasa. "Malam Zarami, jirginka yana gumi."

Ba gumi ba ne. Ruwa ne ke ɓulɓulowa ta duk tsagar da aka goge, har ya rufe idon sawu. Takalman Bulama suka taso suna yawo. Na naɗe ƙafafuna a kan katakon zama.

Ga bagaruwa ta bayyana a gabanmu. Kawu ya dube ta, ya dubi Bulama, gumi na gaske ya keto masa. Sai fuskarsa ta washe.

"Na gano! In rabin nisa ya ba da huɗu, to in babu nisa gaba ɗaya fa? Ƙarfi ba iyaka!"

"Kawu, kada ka…"

Ya riga ya ɗago kwando ya dire shi a cikin jirgi, cikin ruwan da ƙafafu shida ke ciki. Igiyar bakin ta kwance. Minjiryar nan, wadda aka kwana da ita a randa, aka girgiza ta tun daga mashigi, ta fito ta faɗi ra'ayinta.

Ban taɓa ganin dattijo ya tashi sama daga zaune ba sai ran nan. Bulama ya yi sama, fura ta fi shi nisa, ta dawo ta sauka a rawaninsa. 'Yar'azumi ta saki salati da ƙwarya a lokaci ɗaya, nono ya wanke Kawu daga hula har gemu. Kawu ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta sha. Ya ɗaga ta hagu, ta dama ta sha. Ya buɗe hannu biyu don ya kama iska, gwangwalar gado ta faɗa kogi.

"Fitar da ita!" in ji Bulama, yana tsaye a kan katako ɗaya da ni, ya riƙe wuyana.

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa ta!" in ji Kawu.

"To wa ya kawo ta?"

Sai ji muka yi ƙuuu, jirgi ya dafe kan wani tudun yashi da ke ƙarƙashin ruwa, daidai gaban bagaruwa. Ya tsaya cak. Ruwa na wucewa dama da hagu, mu ko motsi babu.

Kawu, da nono na ɗiga daga gemunsa, ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya haye bakin jirgi ya ɗaga hannu ga jama'ar da suka iso suna haki.

"Jama'a, shaida! Ya tsaya ko bai tsaya ba? Ga wurin da suka kashe juna! Ranka ya daɗe, bismilla, sha furarka."

Bulama ya shafo furar daga goshinsa ya dube ta. A daidai nan jirgin ya karkata, minjirya ta sulale ta gefen da ya nutse, ta taɓa ƙafar Kawu taɓawar ban kwana, ta yi gabas. Kawu ya bi ta da baya, rigarsa ta buɗe a kan ruwa kamar laima. Dariyar da aka yi a gaɓa, an ce har a kasuwa an ji.

Shu'ibu ya iso a natse. Ya tsinci gwangwalar a hanya, ga ta a hannunsa, zoben ƙarfe na walƙiya. Ya ɗauki Bulama, ya ɗauki 'Yar'azumi, ya ɗauke ni. Kawu ya miƙe a ruwa iya ƙugu ya miƙa hannu.

"Ba ni kayana."

Shu'ibu ya dubi Bulama. Bulama ya ɗaga kai ya dubi itacen da ke kanmu.

"Zarami, wannan wace bishiya ce?"

Kawu ya daɗe yana kallonta. "Ranka ya daɗe, daga nan ƙasa tana ɗan kama da goruba."

"Shu'ibu, riƙe abin da ke hannunka."

Shu'ibu ya kafa gwangwala, ya juya hancin jirgi ya nufi sama. Ya waiwayo ya ce, "Malam Zarami, na yi alkawarin ɗaukarka a wuya in ka tsayar da shi. Amma tunda yashi ne ya tsayar, sai in zo in ɗauki yashin."

Kawu ya tako da ƙafa har gindin goruba, ta cikin lakar nan da ya shekara yana aika mutane, sannan aka ƙetaro da shi gida. Na tarye shi a ƙofar gida da busasshiyar riga. Inna Gumsu na zaune gaban murhu, tukunya na tafasa, ta jera kuka da daddawa.

"Ina kifina?" ta ce.

"Ya tafi."

"Gwangwala fa?"

Ya dubi gindin bango inda ya saba jingina ta, ya zauna a kan turmi, har na fara jin tausayinsa. Can ya jawo ni kusa, ya rage murya.

"Haladu, tsakaninmu. Lissafin nan naka daidai ne. Na gani da idona, ya tsaya. Kifin ne bai yi makaranta ba." Ya share yashi da tafin ƙafa. "Zana mini na tsawar nan da ka yi wa Liman."

Inna Gumsu ta miƙe da muciya. Ni dai ban tsaya ganin inda kibiyar ta dosa ba.